Yadda ake zaɓar moton sarbo da auna girmansa don injin CNC na haɗin gida

Injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, na farko da na haɗa a shagona da ke Mabera, cikin garin Sakkwato, yana tsakiyar sassaƙa wani faifan alminiyam aka ɗauke wuta. Ina tsaye ina kallo kan injin, wanda ya kai kilo 35, ya sulalo ƙasa a hankali ya danne bakin yankan har ya karye, ya bar rami a aikin mai shi. Motocin da na sa masa masu wat 750 ne, sun fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba, amma wanda ke ɗaga kan injin ba shi da birki. Na zuba kuɗi a ƙarfin da ban buƙata, na bar abin da wutarmu ta tilasta. Tun daga ranar ba na sayen moto sai na ɗora kaya a sikeli na yi lissafi, kuma hanyar da nake bi ke nan zan shimfiɗa maka.

Sarbo moto ne mai ido a bayansa. Idon nan, wanda ake kira inkoda, yana gaya wa akwatin da ke tuƙa moton, wato direba, inda sandar moton take a kowane lokaci. In aka ce ya je wuri kaza bai isa ba, direba zai ƙara masa wuta, in abin ya gagara ya tsaya ya nuna ƙararrawa. Moton sitefa na gargajiya, mai juyawa taku-taku, ba shi da wannan ido, in ya tsallake taku ba wanda zai sani sai aiki ya lalace.

Kayan da za ka tanada

Sikelin ƙasa irin na awon buhu ko na awon mutum. Sikelin rataye mai ƙugiya, irin wanda masu sayar da iskar gas ke amfani da shi. Tef na awo da kalifa. Mitar auna wuta. Agogon awo mai allura da gindin maganaɗisu, don gwajin ƙarshe. Kalkuletar wayarka da littafi guda da ba za ka yar ba. Sai takardar bayanin kowane moto da kake tunanin saya, wadda ke ɗauke da ƙarfin murɗawarsa, gudunsa, nauyin juyinsa da kaurin sandarsa. Mai sayarwar da ya kasa turo maka wannan takarda, ka bar masa kayansa.

In ba ka da sikelin ƙasa, kai sassan wurin masu sayen ƙarafan gwangwan su auna maka. In injin a takarda yake tukuna, lissafa nauyin: ƙarfe mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri yana da kilo 7850, alminiyam kuma kusan 2700.

1. Auna abin da kowane moto zai tura

Injin yana da hanyoyi uku: X dama da hagu, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa. Kowace hanya da nata lissafin. A X ka auna teburi, da matsin da ke riƙe aiki, da mafi nauyin ƙarfen da kake sa ran ɗorawa. A Y ka haɗa duk na X, ka ƙara sirdin da ke ɗauke da shi da moton X ɗin kansa, wanda mutane da yawa ke mantawa. A Z ka auna kan injin dungurungum, har da moton yanka.

Zan yi misali da injin da nake aiki da shi yanzu: X kilo 60, Y kilo 90, Z kilo 35.

Bayan nauyi sai taurin zamiya. Kwance sukurun, wato doguwar sandar zaren da moto ke juyawa ta tura teburi, ka maƙala sikelin rataye a teburin, ka ja a hankali, ka karanta abin da ya nuna lokacin da teburin ke tafiya. Ninka kilo ɗin sau goma, ka sami niyuton, wato ma'aunin ƙarfin turi. Teburina da ke kan reli mai ƙwallaye ya nuna kilo 3, wato niyuton 30. Tsohon inji mai zamiyar ƙarfe kan ƙarfe zai iya nuna maka kilo goma sha biyar ko ashirin, musamman in an ɗaure shi sosai. Ka auna bayan ka gama saita ɗaurin yadda za ka yi aiki da shi, kada ka sassauta don lambar ta yi daɗi.

2. Tsayar da sukuru kafin moto

Kuskuren da na fi gani wurin masu farawa shi ne a sayo moto tukuna, sannan a nemi sukurun da zai dace da shi. Sukuru ne ke yanke hukunci. Wanda muka fi samu shi ne sukuru mai ƙwallaye irin SFU1605 da SFU2005. Lambobi biyun farko kauri ne, milimita 16 ko 20, biyun ƙarshe kuma taku, wato juyi ɗaya yana matsar da teburi milimita 5. Irin wannan sukuru yana isar da kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin moto zuwa teburi. Sukurun zare na tsohon inji, mai noti na tagulla, da ƙyar yake isar da kashi 30 zuwa 40, ga kuma lako idan ya juya baya. Ɗora sarbo a kansa kamar sa wa jaki sirdin doki ne. In kuɗinka ba su isa duka biyu ba, fara canza sukurun.

3. Zaɓi gudun da kake bukata da gaske

Raba gudun teburi da takun sukuru, ka sami juyin moto a minti. Milimita 6000 a minti a kan taku 5 ya ba da juyi 1200. Ga teburin da tafiyarsa ba ta wuce rabin mita ba, wannan gudu ya isa har ya yi yawa: daƙiƙa biyar ya ƙure daga gefe zuwa gefe. Yanka kansa a ƙarfe ba ya kai ko kusa da haka.

Yawancin ƙananan sarbo an yi su ne don juyi 3000 a minti, amma kada wannan ya ruɗe ka. Dogon sukuru in ya yi gudu yana fara kaɗawa kamar bulala. SFU1605 mai tsawon mita ɗaya tsakanin boris da boris, ɗaure gefe ɗaya, tallafe ɗaya gefen, iyakarsa tana wajen juyi 1900 a minti. In tsawon ya ragu zuwa santimita 60, iyakar tana haura 5000. Tsawo ne ke kashe shi, domin in ka ninka tsawon sau biyu, iyakar gudun tana raguwa sau huɗu.

4. Lissafa ƙarfin murɗawa na yanka

Ana auna ƙarfin murɗawa da niyuton-mita, a rubuce Nm. Ƙa'idar ita ce: ƙarfin turi, sau takun sukuru a mita, a raba da 6.28, a sake rabawa da 0.9. Ga sukuru mai taku 5 na rage maka wahala: kowane niyuton 100 na turi yana cin 0.088 Nm.

Ƙarfin turin yanka ya danganta da abin da kake yanka da zurfin da kake shiga. Ni a ƙaramin inji ina ɗaukar niyuton 400 zuwa 500 ga alminiyam, 800 ga ƙarfe mai laushi. Lambobin aiki ne da na daɗe ina amfani da su, kuma sun ɗan fi abin da jikin injin gida ke iya jurewa kafin ya fara kakkarwa. Wannan batu yana da muhimmanci: a injin da aka walda da ƙarfen kasuwa, jiki ne ke fara gazawa kafin moto. Ƙaton moto ba ya gyara gangar jiki mai lanƙwasa, sai dai ya ƙara karya maka bakin yanka.

A X ɗina: 800 na yanka da 30 na zamiya, 830 ke nan. Sau 0.088 a kan kowane ɗari ya ba da 0.73 Nm. Na ƙara 0.1 saboda taurin notin sukuru da boris, ya zama 0.83. Sai na ƙara kashi talatin cikin ɗari na ko-ta-kwana, domin ƙura za ta shiga, mai zai bushe, bakin yanka zai dakushe. Na tsaya a 1.08 Nm.

Yanzu ka duba motocin kasuwa. Masu juyi 3000 a minti kusan duk kamfanoni lambobinsu ɗaya ne: wat 200 yana ba da 0.64 Nm, wat 400 yana ba da 1.27, wat 750 yana ba da 2.39. Kowannensu yana iya ninka haka kusan sau uku na ɗan gajeren lokaci. In kana son tabbatarwa, ninka wat da 9.55 ka raba da juyi a minti. Ka ga wat 400 ya ɗauki X ɗina da sauran sarari. A Y, ƙarin kilo 30 a kan reli mai ƙwallaye bai canza komai a wannan lissafi ba, shi ma 400 ne.

Za ka ga sitefa mai girman NEMA 34, lambar da ke nuna faɗin fuskarsa, an rubuta masa 8 Nm, ka ce ai sarbo mai 1.27 ba shi da ƙarfi. Lambar sitefa ta lokacin da yake tsaye ce. Da ya fara gudu ƙarfin ke zubewa, kafin ya kai juyi 1000 a minti ya rasa mafi yawansa. Sarbo yana riƙe 1.27 ɗinsa tun daga tsaye har juyi 3000.

5. Lissafa nauyin juyi

Nan ne aka fi faɗawa rami, don haka zan daɗe a kai. Ɗauki tayar keke da dutsen niƙa. Ko an ɗora su a boris mai santsi iri ɗaya, dutsen ya fi wuyar tayarwa kuma ya fi wuyar tsayarwa. Wannan taurin kai shi nake kira nauyin juyi, kuma a takardar moto ana rubuta shi da kg·cm² ko da kg·m² tare da alamar sau goma a ƙarfi na ragi huɗu, duk lamba ɗaya ce. Sarbo yana son nauyin juyin kayan da yake ja kada ya fi na cikinsa yawa sosai. In ya wuce kima, moto zai riƙa wuce inda aka aike shi yana dawowa, yana kuka, yana rawa, ka yi ta saiti ba ya zama.

Na sukuru: 0.077, sau tsawonsa a mita, sau kaurinsa a santimita an ninka shi da kansa sau huɗu. SFU2005 mai tsawon 0.8: 2 sau 2 sau 2 sau 2 ya ba da 16, sau 0.8, sau 0.077, ya fito 0.99.

Na teburi: raba takun sukuru a santimita da 6.28, ninka amsar da kanta, sannan ka ninka da kilo. Rabin santimita a raba da 6.28, a ninka da kansa, ya ba da 0.0063. Sau kilo 60, ya fito 0.38.

Na mahaɗin da ke tsakanin moto da sukuru, ka sa 0.1 in ƙarami ne. Jimilla 1.47.

Ka dubi lambobin nan da kyau. Sukurun da bai kai kilo biyu da rabi ba ya fi teburi mai kilo 60 wahalar da moto har sau biyu da rabi. Da na sa mai milimita 16, da nasa 0.40 ne kawai. Da na bi shawarar masu cewa a sa mai kauri don ƙarko na ɗauki milimita 25, da ya haura 2.4. Ƙara kauri kaɗan, nauyin juyi ya yi tsalle, don haka kada ka sayi sukurun da ya fi buƙatarka.

Moton wat 400 mai sauƙin ciki, irin na kamfanin Delta da nake da shi, nasa nauyin juyin yana wajen 0.28. Raba 1.47 da 0.28, ka sami biyar da ɗan abu. Ƙa'idar da nake bi: biyar ko ƙasa da haka yana saituwa cikin sauƙi, har goma ana iya lallaɓawa in haɗin ba shi da lako, sama da goma kuwa sai an canza wani abu. Abin da za ka canza ɗaya ne cikin uku. Ka rage kaurin sukuru. Ko ka nemi moto mai wat ɗaya amma mai nauyin ciki, domin kamfanoni da yawa suna yin iri biyu. Ko ka sa bel da fuli.

Sai ƙarfin tashi. Ninka juyi a minti da 0.105, ka raba da daƙiƙoƙin da kake son ya kai cikakken gudu. Juyi 1200 sau 0.105 ya ba da 126, a raba da 0.1, ya zama 1260. Haɗa nauyin juyin kaya da na moto, 1.75, ka raba da 10000, ka ninka da 1260. Ya fito 0.22 Nm. Ƙara shi a kan na yanka, har yanzu ba ka kusanci 3.8 da moton ke iya bayarwa na ɗan lokaci ba. A ƙaramin inji wannan lamba ba ta cika zama matsala ba, amma ka lissafa don ka gani da idonka.

6. Haɗa kai tsaye ko da bel

In moto zai kama sukuru kai tsaye, sayi mahaɗi mai faifan ƙarfe ko mai roba mai tauri a tsakiya. Ka guji ɗan siririn nan na alminiyam da aka yanka masa zobe-zobe, murɗewa yake yi kamar igiya, sarbo kuma ba ya shiri da shi. Auna sanduna kafin ka yi oda: moton wat 400 yawanci fuskarsa milimita 60 ce da sanda mai 14, na wat 750 fuska 80 da sanda 19. Ba su shiga mazaunin NEMA 23 ko 34 kai tsaye, sai ka yi musu sabon faifai.

Bel mai haƙori irin HTD 5M, da fuli ƙarami a moto da babba ninki biyu a sukuru, yana ninka ƙarfin murɗawa sau biyu, ya raba gudu biyu, ya kuma rage nauyin juyin da moto ke ji har sau huɗu. Tunda juyi 1200 kawai nake buƙata moto kuma yana da 3000, rabin gudun da na bayar ban yi asarar komai ba. Abin lura shi ne babban fulin kansa yana da nauyin juyi, ka sa na alminiyam.

7. Hanyar Z da birki

Kilo 35 niyuton 343 ne da ke rataye a kan sukuru dare da rana. Riƙe shi kawai yana cin 0.3 Nm, ko injin ba ya yanka komai. Lokacin huda kuma turin ya fi na sassaƙa: bakin huda mai milimita 10 a cikin ƙarfe yana iya neman niyuton 1500 ko fiye. Nauyin kan yana taimakawa wajen dannawa, amma duk da haka ka kusa 1 Nm kafin ka ƙara ko-ta-kwana. Shi ya sa a Z nake sa wat 400 da bel ninki biyu, wanda ke ba ni kusan 2.5 Nm a sukuru da gudun milimita 7500 a minti. In babu wurin bel, sa wat 750 kai tsaye.

Sukuru mai ƙwallaye santsinsa ne ke sa nauyi ya iya juya shi. Da wuta ta tafi moto ya saki, kai ya sauko. Wani dattijo mai walda a layinmu ya taɓa tsayawa yana kallon injin yana aiki, ya ce min: "Malam, abin nan naka shina tahiya da kyau, amma mi ka riƙe shi in wuta ta tahi?" Tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa ke nan kafin ya biya kuɗin moton Z. Sayi wanda aka haɗa masa birki daga kamfani. Birkin yana kame ne da kansa in babu wuta, sai an ba shi 24V yake saki. Ka ba shi wutarsa ta hanyar rile da direba ke kunnawa, kada ka ja shi kai tsaye daga ƙafar direba, kuma ka saita ɗan jinkiri yadda birki zai kama kafin moto ya saki. Birkin na riƙewa ne, ba a tsayar da moto mai gudu da shi, in ka yi haka zai cinye.

In ka riga ka sayi moto mara birki, akwai mafita biyu. Rataya nauyi daidai da na kan a bayan ginshiƙi da sarƙar babur da giyarta, amma ka tuna ka ƙara wannan nauyi a lissafin mataki na biyar. Ko ka sa sandar iska irin mai riƙe murfin but ɗin mota, wadda ƙarfinta ya kusa nauyin kan. Masu kayan mota na hannu suna da su, kuma yawanci an rubuta niyuton ɗinsu a jiki.

8. Dace da direba da kwamfutar da za ta ba da umarni

Sayi moto da direbansa da wayoyinsa a tare, daga hannu ɗaya. Motocin da ake cirowa daga tsofaffin injinan masana'antu, waɗanda ake kawowa daga Kano ko Legas, sau da yawa masu inganci ne ƙwarai, amma inkodar kamfanin Yaskawa ba ta magana da direban Mitsubishi, ta Fanuc kuma ba ta jin yaren kowa sai nata. Ko an haɗa maka da direbansa, duba abu biyu. Na farko, wutar da yake ci: wasu na layi uku ne mai 380V. Na biyu, ko yana karɓar umarnin bugu da alkibla, inda kowane bugun wuta ke matsar da moto ɗan taku guda, wanda manhajojin tuƙa inji irin su Mach3 da LinuxCNC da GRBL ke aikawa. Misali, a jerin MR-J2S na Mitsubishi, mai harafin A a ƙarshe yana karɓa, mai harafin B sai da nasu layin sadarwar. Harafi ɗaya ne ya raba abin amfani da abin da zai zauna maka a kanta.

Sannan lissafin bugu. Inkoda mai layi 2500 tana ƙirga 10000 a juyi ɗaya. Mach3 ta tsohuwar kafar firinta, a saitinta na asali, bugu 25000 take fitarwa a daƙiƙa. In ka bar direba yana jiran bugu 10000 kafin ya yi juyi ɗaya, moton nan mai 3000 ba zai wuce juyi 150 a minti ba, ka ɗauka an sayar maka da mara lafiya. Shiga saitin giyar lantarki na direba ka mai da shi bugu 1000 a juyi. A kan taku 5, bugu 200 ke nan a milimita, kowane bugu 0.005, wanda ya fi daidaiton jikin injinka, gudu kuma ya kai 1500. In kana son fiye da haka, sa kati na waje irin Mesa tare da LinuxCNC. Ka kuma duba ko ƙafar bugu ta 5V ce ko ta 24V. Ba wa ta 5V wutar 24V ba tare da rizisto ba yana ƙona ta nan take.

In kuɗin sarbo uku sun fi ƙarfinka, sitefa mai inkoda a X da Y yana aiki lafiya a gudun da bai wuce juyi 600 zuwa 800 ba. Ka nemi zanen da ke nuna ƙarfinsa a kowane gudu, ka kwatanta da lambarka ta mataki na huɗu.

9. Wuta, zafi da ƙura

Wutarmu 230V ce a takarda. Ka sa mita a soket ɗin shagonka da safe, da azahar da bayan magariba har kwana uku, ka rubuta. A wurina da yamma takan faɗo ƙasa da 190, kuma akwai direbobin da a layi ɗaya ba sa karɓar ƙasa da 200. Sai ka ga ƙararrawar ƙarancin wuta tana tsayar da aiki a tsakiya. Kuɗin da ka rage da ka sayi 400 a maimakon 750, nan ne wurinsu: sitabilaiza mai daidaita wuta a hankali, ba mai ƙas-ƙas ɗin rile ba. Wajen auna girmanta, moton yanka ne babban mai ci, wat 1500 ko 2200, sai ka ƙara na sarbo uku da na kwamfuta, ka bar sarari. Janareta sai mai daidaita wuta a ciki, kuma kada ka haɗa shi da injin walda lokaci ɗaya. In sola ce, inbata ta kasance mai tsabtatacciyar wuta.

Yawancin motocin nan an ƙayyade musu zafin wuri har digiri 40. A watan Afrilu da Mayu a Sakkwato inuwa ma tana wuce haka, balle ƙarƙashin rufin kwano. Wannan na daga dalilan da nake barin kashi talatin ɗin nan. Sa direbobi a akwatin ƙarfe a tsaye, da tazara tsakaninsu, fanka ɗaya tana shigar da iska ta ƙasa ta cikin matata, ta fita ta sama. Da hunturu ka wanke matatar kowane mako. Ƙurar da ta haɗu da garin ƙarfe in ta kwanta a allon direba, ƙarshensa ke nan.

Wayar ƙasa ba ado ba ce. Kafa sandar tagulla mai zurfi, kuma da yake ƙasarmu busasshiya ce, ka riƙa zuba mata ruwa da rani. Jikin inji, motoci, direbobi da akwati duk su haɗu a wuri ɗaya. Wayar inkoda da ta bugu su bi hanyarsu daban, nesa da wayar moton yanka, in dole su haɗu su gitta juna a maimakon su jera.

10. Gwaji

Fara a kan benci, moto ɗaure da matsi, ba a haɗa shi da sukuru ba. Cire ɗan makullin da ke kan sandar, domin a juyi 3000 fitowa yake kamar harsashi. Tabbatar wutar gida ba ta je ƙafafun U, V da W ba, na moto ne kaɗai. In za ka taɓa waya, kashe wuta ka jira fitilar caji ta mutu, ka ƙara minti goma. Juya shi a hankali daga maɓallan direba, dama da hagu, sannan daga kwamfuta. Gwada maɓallin tsayawar gaggawa, ka kuma haɗa ƙararrawar kowane direba da kwamfuta yadda in ɗaya ya tsaya duka za su tsaya.

Bayan ka ɗora shi a inji, sa makunnan iyaka, masu tsayar da teburi in ya kai ƙarshen hanya, tukuna, ka kai teburi tsakiya, sannan ka kunna saitin kai-da-kai na direba. Zai nuna maka nasa awon nauyin juyi. Kwatanta da abin da ka rubuta a littafi. Nawa lissafin ya ce biyar da ɗan abu, direba ya nuna kusan shida, wanda ya yi daidai. In ya nuna ninki biyu na lissafinka, wani abu yana cije, yawanci moto da sukuru ba su miƙe a layi ɗaya ba.

Kafa agogon awo a gefen teburi, ka sa shi a sifili, ka aiki teburin milimita 100 ya dawo sau ashirin. Allurar ta dawo wuri ɗaya. In tana matsawa kaɗan-kaɗan gefe ɗaya, bugu ne ke ɓacewa ko hayaniyar wuta ke ƙara shi, koma kan wayoyi. Sai ka yi yanka na gaske na awa ɗaya da tsakar rana, kana duba kason nauyin aiki da direba ke nunawa a allonsa. In matsakaicinsa yana ƙasa da kashi 80, moton ya dace. In yana manne da ɗari, ƙara bel ko ka koma moto mafi girma.

Gwaji na ƙarshe na Z ne. Cire bakin yanka, ka sa guntun katako a ƙarƙashin kan, ka ɗaga shi santimita biyar, ka kafa agogon awo a jikinsa, sannan ka sauke babbar birekar shagon gaba ɗaya. Ka ji ƙarar kamun birki, ka karanta allurar. Nawa yana sauka ƙasa da rabin milimita kafin ya kame. Maimaita sau biyar, har da lokacin da kan ke tafiya a hankali zuwa ƙasa, kafin ka ɗora aikin mutane a teburin.